Jagorar Mai Fito: Yadda Ake Ƙetare Gulbin Rima da Mutane Lafiya

Duk shekara, da zarar marka ta kankama gulbi ya kawo, sai ka ga sababbin fuskoki a bakin mashigi. Saurayi ya ari kwalekwalen kawunsa, ko ya tara kuɗin lebura ya sayi tsoho ya toshe shi da tsumma da kwalta, ya samo gwangwala, shi ke nan ya zama mai fito. Daga Kwalkwalawa zuwa Dundaye har Wamakko haka abin yake, don manoman shinkafa na buƙatar mai ƙetarar da su fadama safe da yamma, kuɗin fito kuma hannu da hannu ne. Ban ga laifin mai neman halali ba. Abin da ya dame ni shi ne kuskuren iri ɗaya ne, bana da bara, kuma mafi yawansa tun jirgi yana ɗaure a gaɓa ake tafka shi.

Jiharmu ta Sakkwato ta sha makoki a kan wannan. A Afrilun 2022 jirgi ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, fiye da mutum 20 suka rasu, cikinsu har da yara. A Mayun 2023 aka sake yi a Dandeji, duk a ƙaramar hukumar Shagari, yara aƙalla 15 da suka fita neman itace. Ranar 17 ga Agustan 2025 kuma jirgin 'yan kasuwar Goronyo ya kife, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce fiye da mutum 50 ne a cikinsa. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba: Warrah ta jihar Kebbi a Mayun 2021, da Bagwai ta jihar Kano a Nuwambar shekarar, inda ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi suka nutse. In ka bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya, maganar lodi ce ke ta dawowa.

Ga abin da nake koya wa yaran da ke zuwa wurina.

Kayan da ba a kwance jirgi sai da su

Filafili biyu, don ɗaya kan karye ko ya suɓuce. Gwangwala mai ƙwari wadda ba ta tsage ba. Abin kwarfar ruwa guda biyu, yankakkiyar jarka ta isa, amma a ɗaure su da igiya a jikin jirgi, in ba haka ba lokacin da ake nemansu ne za ka hango su suna tafiya a kan ruwa. Igiyar roba mai tasowa, tsawon mita 15 zuwa 20, a naɗe ta sako-sako ba ƙulli. Wuƙa a kube. Usur da tocila. Waya mai caji a ƙulle cikin leda.

Sai rigar kariya, ɗaya ga kowane mai rai da ke cikin jirgin, har da kai. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta ta, gwamnati ma takan raba bayan hatsari, amma na sha ganin sababbi fil a cikin ledarsu an jibge a ɗaki, ko fasinja ya yi matashi da ita. Wadda aka rataya a kafaɗa ba a ɗaure ba, ruwa zai zare ta ta kai. In rigunanka ba su kai ba, tanadi jarkoki masu lita 20 ko 25, babu komai ciki, murfi a ɗaure tamau, kowace da ɗan madaukin igiya a hannunta. Jarka mai lita 20 tana iya riƙe nauyin kusan kilo 20 a saman ruwa, mutum kuwa in yana cikin ruwa abin da yake buƙata don kansa ya tsaya a sama bai kai haka ba. Masuntan Argungu da goransu a Matan Fada sun daɗe da sanin wannan. Jarka dai ba ta maye riga, don wanda ya suma ba ya riƙe komai.

1. Karanta gulbi kafin ka taɓa igiya

Sabon shiga yakan ɗaga kai ya dubi sama, ya ga garau, ya ce yau lafiya lau. Ruwan Rima ba a Sakkwato ake yin sa ba. Daga Katsina da Zamfara da ƙasar Maraɗi yake taruwa, ya biyo ta Sabon Birni da Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato a gefen birni kafin ya miƙa Argungu da Birnin Kebbi. Madatsar Goronyo na kan Rima, ta Bakolori na kan Gulbin Sakkwato, kuma in sun cika dole a saki ruwa. Wanda ya ga Satumbar 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka koma shiga da fita da jirgi, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Saboda haka kafa turke a bakin mashiginka, ka yi masa tsaga-tsaga. Duba shi da asuba, ka sake dubawa da azahar. In ruwa ya haye tsaga biyu cikin yini, gulbin da ka sani jiya ya tafi. Dubi launinsa: in ya koma kamar kunun kanwa, yana ɗauke da kumfa da karan dawa da rassan itace, sabon ruwa ne, kuma abin da ke tafe a ƙarƙashi ya fi na sama girma. Ka saurari sanarwar sakin ruwa a rediyo, ka kuma gaida Sarkin Ruwa ka tambaye shi. Tsofaffin Sarkawa sun san inda gurbi yake, inda kututture ya kwanta, inda aka kafa kalli.

Wurare uku nake so ka ji tsoro. Bayan kwana, wato gefen da ruwa ke dukan gaɓa yana cin ƙarƙashinta: nan ne ya fi zurfi da gudu, gaɓar kuma takan zube da mutum a tsaye. Gindin gada, inda ruwa ke matsewa tsakanin ginshiƙai yana murɗawa. Da ramukan masu haƙar yashi, waɗanda da rani kowa na ganinsu, da damina kuwa mutum na tafe ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya ɓace.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska kuma na riga ruwan isowa. In gabas ta yi baƙi, ɗaure jirgi. Fasinja zai ce ai yanzu za mu ƙetare. Bar shi ya faɗa.

2. Duba jirgin da hannunka

Kwarfe ruwan da ya kwana a ciki tas, ka jira kaɗan ka ga ta ina sabo ke tsattsafowa. Bi haɗin katako da tsinin wuƙa. Inda wuƙa ta shige ba gardama, katakon ya ruɓe, kwalta ba za ta cece shi ba. Mai inji ya duba mai da farfela, ya kuma ajiye filafili kusa, don ragar masunta kan naɗe farfela a tsakiyar ruwa.

3. Lodi

Nan zan daɗe, don nan ake mutuwa.

Ranar da ruwa ya kwanta, loda jirginka a gaɓa har ya rage taƙi guda cikakke tsakanin ruwa da bakin jirgi a tsakiyarsa, inda ya fi ƙasa. Shafa fenti a daidai inda ruwa ya tsaya, ka ƙirga mutum nawa ne, ka rubuta adadin a goshin jirgi da manyan lambobi. Daga ranar, fenti ya nutse, wani ya sauka. In gulbi ya kawo ko ana iska, rage mutum biyu ko uku daga adadin. Dalili shi ne jirgin da ya nutsa sosai ba ya tashi in igiyar ruwa ta dake shi, sai dai ta hau shi. Ruwan da ya shigo ya ƙara masa nauyi, ya ƙara nutsa, na biyu ya fi na farko yawa, kuma duk yana gangarawa gefen da jirgin ya karkata. Tsakanin ruwan farko da kifewa sau da yawa ko minti ɗaya ba a yi.

Kaya masu nauyi, buhun taki ko na shinkafa, a ƙasa kuma a tsakiya. Babur a kwantar da shi a ɗaure. Dabba a ɗaure ƙafafunta, sa kuwa ba ya hawa tare da mutane. Ka tuna jirgin da ya kai mutum goma sha biyu gona da safe ba zai dawo da su duka a sawu ɗaya ba, don da yamma kowa na da dami ko buhu a kai. Masu itace ma haka.

Duk wannan lissafi ne, kowa zai iya. Abin da ke kayar da yaro shi ne kara. Jirgi ya cika, ka sa gwangwala za ka tura, sai ga dattijo sa'an mahaifinka ya taho da sauri yana ɗaga hannu, ko gwaggonka da ƙwaryar nono za ta kasuwa. Mutanen ciki ma su taya shi: "Haba, mutum guda ne, a matsa mashi." Ranar kasuwa, ranar biki, ranar jana'iza, wannan mutum gudan sai ya zama takwas. Koyi maganar tun a gida, ka faɗe ta da ladabi ba tare da ka ɗaga gwangwalar daga ruwa ba: "Baba, ka yi haƙuri, ya cika. Zamna inuwa, yanzu in dawo in ɗauke ka, ba sai ka biya ba." Zai yi fushi, wataƙila ya kai ƙararka gida. Sawu biyu ya fi ci maka lokaci da mai, na sani, shi ya sa nake ganin ya kamata masu fiton kowane mashigi su haɗa baki a kan adadi da layi. In kai ka ƙi, na bayanka ya ɗauka, an yi ba a yi ba.

Akwai masu cewa in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Gaskiya ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali da riƙon sababi tare suke tafiya, kuma rayukan da ke cikin jirginka amana ce. Akwai kuma mai taƙama da abin da ya gada na ruwa. Ba zan yi gardama da shi a nan ba, sai dai in tuna masa cewa matar da ke zaune a bayansa da goyo ba ta gaji komai ba.

4. Shirya fasinja

Ƙirga su da ƙarfi kowa ya ji, ka riƙe adadin, don in wani abu ya faru shi ne zai gaya wa masu ceto ko saura wani a ruwa. Kowa ya zauna a ƙasa, ba a kan bakin jirgi ko kan buhu ba. Mai babbar riga ya tuɓe ya naɗe. Manomi mai dogon takalmin roba ya cire, don in ya cika da ruwa ba a iya harba ƙafa da shi. Mai goyo ta kwance ta rungume ɗanta a gaba: in ta faɗa ruwa da shi a baya, duk ƙoƙarin da za ta yi na ɗaga fuskarta danna shi take yi ƙasa. Yara a raba su tsakanin manya. Jirgin da yara zalla ne a ciki, yaro ne kuma ke tuƙi, bai kamata ya bar gaɓa ba, ko na gidan wa ne.

Sannan ka gaya musu abu ɗaya kafin ka tura: ko me ya faru, kada wanda ya miƙe.

5. Ƙetarawa

Kada ka nufi mashigin tsallake kai tsaye. Bi gaɓarka ka haura sama inda ruwa ba shi da ƙarfi, sannan ka yanka a karkace, goshin jirgi na kallon inda ruwa ke fitowa, ka bar gulbi ya sauko da kai inda kake so. Jirgin da ya ba ruwa mai gudu haƙarƙarinsa, kututture ɗaya ya ishe shi. Kada ka ƙetare dab da saman gada ko saman itacen da ya faɗa ruwa, don in inji ya mutu can ruwa zai manna ka. In jirgin inji ya wuce, juya goshi ka tari igiyar ruwansa.

NIWA ta hana tafiyar dare, kuma da hujja. Tocila ba ta nuna kututturen da ke ƙarƙashi, wanda ya faɗa ba a ganinsa, masu ceto kuma suna gida. Shirya sawunka na ƙarshe ya sauka kafin kiran magariba, ka sanar da manoma tun da safe.

Wajen sauka, a fita ɗaya bayan ɗaya sai ka kafe jirgi. Ana kifewa a taku biyar daga gaɓa don kowa ya taso lokaci guda.

6. In jirgi ya sha ruwa ko ya kife

Murya ɗaya za a ji, taka. Mutum biyu su kwarfa, sauran su zauna, kaya su tafi gulbi. Mai buhu zai yi kuka, jefa.

In ya kife, jirgin katako galibi ba ya nutsewa ƙasa sai in inji ko kaya sun ja shi. A kama jikinsa, a rabu gefe biyu, kada a yi ta kokawar hawa bayansa yana juyawa da mutane. Wanda ruwa ya raba da jirgi ya kwanta rigingine, fuska sama, ƙafafu suna gaba wajen da ruwa ya nufa, don su fara cin karo da abin da ke hanya. Kada ya yi ja da gulbi, ya bi shi yana kusantar gaɓa a karkace. Kada kuma ya yi saurin tsayawa a ruwa mai gudu: ƙafa ta maƙale a saiwa ko taɓo, ruwa ya kwantar da shi, ko iya ƙugu ne ya gama.

7. Ceton wanda ke nutsewa

Mutane na jiran su ji ihu. Mai nutsewa ba ya ihu, don ɗan numfashin da yake samu bai ishe shi magana ba. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage baya, baki na shiga yana fita, hannuwa na dukan ruwa a gefe. Daƙiƙa 20 zuwa 60 yake yi a haka kafin ya tafi. Yaron da ke wasa a ruwa yana surutu, in ya yi tsit duba shi.

Bi wannan jeri kada ka tsallake. Miƙa masa gwangwala ko rawani ko zani, kai kana kwance a gaɓa ko a zaune cikin jirgi don kada ya fizgo ka. In bai kai ba, jefa jarka ɗaure da igiya, ka jefa ta gabansa kaɗan inda ruwa zai kai shi, ka taka ƙarshen igiyar. In ya yi nisa, tuƙa jirgi, ka ba shi goshi ko baya ya kama, ba gefe ba. Shiga ruwa da kanka shi ne na ƙarshe, kuma sai gwani, da jarka a hannu. Tura masa ita tana tsakaninku, ko ka zagayo ta bayansa. Wanda ke nutsewa ba ya gane uwa ba ya gane ɗa, duk abin da ya kama hawansa zai yi. In ya cafke ka, ja numfashi ka nutsa ƙasa, zai sake ka don sama yake nema. Gidaje da yawa sun yi jana'iza biyu rana ɗaya saboda wa ya faɗa ceton ƙane hannu sake.

8. Bayan an fito da shi

Abin da aka saba yi a bakin gulbi shi ne a danna ciki, ko a ɗaga yaro ta ƙafa a girgiza don ruwa ya fito. A daina. Abin da ke fitowa na ciki ne, yakan koma ya toshe hanyar iska, lokaci kuma na tafiya. Rashin iska ne ke kashe shi, ƙwaƙwalwa kuma na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida.

Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗaga haɓarsa, ka kai kuncinka bakinsa kana kallon ƙirji, kada ya wuce daƙiƙa 10. In yana numfashi sosai, juya shi kan haƙarƙari, cire jiƙaƙƙun kaya, lulluɓe shi. In ba ya yi, ko sai wani shaƙuwa jefi-jefi, toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau 5, kowace ka ga ƙirji ya taso. Sannan ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya bisa ɗaya, ka danna sau 30 da ƙarfi da sauri, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, kimanin danni 100 zuwa 120 a minti. Hura 2, danna 30, haka za ka yi ta yi. Yaro hannu ɗaya, jariri yatsu biyu, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa, shi jariri kuma bakinka zai rufe hanci da baki tare. Kumfa za ta fito, kada ka tsaya sharewa. In ya yi amai, juya shi ka kwashe, ka ci gaba. In ka gaji wani ya karɓa.

Kana wannan, nuna mutum guda da yatsa ka ce ya kira 112 ya kuma nemo mota. In ka ce "a kira" kawai, kowa zai zaci wani ya kira. Kada a yi saurin rufe mutum da zani a bakin gulbi, a ci gaba har a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya. In mace ce kada kunya ta sa maza su tsaya cirko-cirko, lalura ce. Ya fi kyau ma a ce matan kowane ƙauyen bakin ruwa akwai waɗanda aka koya wa.

Wanda ya farfaɗo ya ce ya warke zai tafi gida, kada a biye masa. Ruwan da ya taɓa huhu yakan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Duk wanda ya suma, ko aka hura wa iska, ko yake ta tari da haki, a kai shi asibiti mafi kusa, in a birni ne Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

9. Aikin rani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Irin waɗannan ba a jirgi suke mutuwa ba. Kududdufin bayan gida ne, da ramin maginan bulo, da rijiya marar murfi, da bahon wanki da aka bari a tsakar gida. Mai fito, tunda kai ake ganin ka san ruwa, faɗi wannan a unguwarku.

Daga Fabrairu zuwa Afrilu gulbi ya janye, fito ya yi sauƙi. Lokacin gyaran jirgi ke nan, da sabunta fenti, da zagaya mashigi a ƙasa kana haddace ramuka. Tara yaran gari a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, babba na tsaye a kansu, a fara koya musu kwanciya rigingine a kan ruwa kafin iyo. Ku kuma masu fito ku ajiye tulu a kan yashi, ku ja baya taku goma sha biyar, kowa ya yi ta jefa jarka da igiya har sai ya iya sauke ta a gefensa sau uku a jere, ya naɗe igiyar ya sake jefawa ba ta harɗe ba.